Jita a Cikin Waya: Nasiha ga Matasan Makka Masu Neman Kiɗan Rok

Kiɗan rok ya ginu ne a kan kayan kiɗa uku: jita mai aiki da lantarki, wadda ke jan ragama, wata jitar mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗan, sai jerin ganguna da faya-fayen tagulla da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa. A kan waɗannan ake ɗora murya. Makaɗan kan kasance uku zuwa biyar, kuma galibi su ke tsara waƙarsu, su kaɗa, su rera. Asalinsa Amurka ne a shekarun 1950, inda ya tsiro daga kiɗan baƙin ciki da na coci na baƙaƙen fata, a hannun irin su Chuck Berry. A shekarun 1960 ya haye teku zuwa Ingila, The Beatles da The Rolling Stones suka yayata shi, Jimi Hendrix kuma ya nuna wa duniya cewa jita na iya kuka, tana iya ruri.

Idan aka ce ƙungiyar makaɗa mai zaman kanta, ana nufin wadda ba ta ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai uku da suka mamaye kasuwar duniya, wato Universal da Sony da Warner. Ko dai makaɗan su fitar da aikinsu da kuɗin aljihunsu, ko su jingina da ƙaramin kamfani wanda ba ya tsoma musu baki a abin da za su kaɗa. Misalin da ake yawan kafa hujja da shi shi ne na Buzzcocks, 'yan birnin Manchester, waɗanda a Janairun 1977 suka ciwo bashi wurin dangi da abokai suka buga ƙaramin faifansu mai suna Spiral Scratch da kansu. Daga nan matasa da yawa suka gane cewa ba sai an jira wani mai kuɗi ya ba da izini ba. Sai dai zaman kai ba shaidar ƙwarewa ba ce. A cikin masu zaman kansu akwai gwanaye, akwai kuma masu hayaniyar banza, kuma na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da zaman kan ya ba su shi ne damar yin abin da ransu ke so, shi ya sa sabon salo ya fi ɓullowa daga wajensu.

Intanet ta ƙarasa rushe shingen. MySpace ya buɗe a 2003, YouTube a 2005, SoundCloud da Bandcamp suka biyo baya kafin shekarun 2000 su ƙare. Arctic Monkeys, samari daga Sheffield, suna raba faya-fayansu kyauta a wuraren wasa, masoyansu suka ɗora waƙoƙin a intanet, suna ya bazu tun kafin su fitar da kundi. Da kundin farko ya fito a Janairun 2006, ya kafa tarihin saurin ciniki a Birtaniya a ajin kundin farko na ƙungiya. Tun daga lokacin, hanyar da waƙa ke bi daga ɗakin makaɗi zuwa kunnen baƙo ta gajarta ƙwarai.

A Makka wannan gajartar tana da ma'ana ta daban. Hausawa sun daɗe a birnin: alhazan da suka tako ta Chadi da Sudan suka zauna, da waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, da 'ya'yansu da jikokinsu masu amsa sunan Hausawi, irin su Osama Hawsawi, haifaffen Makka da ya zama kyaftin ɗin tawagar Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Akwai kuma ɗalibai a Jami'ar Ummul Ƙura, da ma'aikata, da yaran da suka tashi a Misfala da Shara Mansur suna Larabci a waje, Hausa a gida. Makka gari ne mai alfarma, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, kuma ba a san ta da dandalin kiɗan jita ba. Matashin da kunnensa ya karkata ga irin wannan kiɗa, wayarsa ce ƙofarsa. Daga cikinta zai nemo, a cikinta zai saurara, kuma a nan ne zai iya yin dace ko ya yi ɓarnar lokaci.

Kafin ya leƙa nesa, yana da kyau ya san cewa ƙasar da yake takawa tana da nata kiɗan. Hijaz tana da mizmar, rawar sanda da ganguna da ake yi a bukukuwa, wadda UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na duniya a 2016. A Makka aka haifi Talal Maddah, ɗaya daga cikin manyan muryoyin waƙar Saudiyya, wanda ya faɗi a kan dandali a Abha a watan Agustan 2000, bai tashi ba. Mawaƙiya Etab, wadda ta rasu a Alƙahira a 2007, sunan danginta Hausawi. Wanda ya san bugun mizmar da kalangu ya riga ya mallaki ma'aunin da zai auna gangunan wasu.

Rok ɗin Saudiyya kuwa a ɓoye ya girma. Tun shekarun 1990 ƙungiyar Sound of Ruby take kaɗawa a Dammam, wasu kuma a Jidda, a gidaje da wuraren hutawa na haya, don a lokacin ba a ba da izinin wasan fili. A 2008 wasu 'yan mata a Jidda suka kafa ƙungiya mai suna The AccoLade, suka ɗora waƙarsu Pinocchio a MySpace. Ba su iya hawa dandali ba, ba su nuna fuskokinsu ba, amma matasa suka riƙa sauke waƙar, har jaridar New York Times ta ba da labarinsu a ƙarshen shekarar. Abubuwa sun sauya daga 2016, lokacin da aka kafa hukumar kula da nishaɗi. A Janairun 2017 mawaƙi Muhammad Abdu ya yi wasa a Jidda bayan shekaru ba a ga irin haka ba, a 2020 aka kafa hukumar kiɗa a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, a Disamban 2023 kuma ƙungiyar rok ta Metallica ta yi wasa a Riyad. A 2022 wasu mata huɗu suka kafa Seera a Riyad, suna kaɗa rok suna rerawa da Larabcin gida. Tsakanin The AccoLade da Seera shekara 14 ce kacal, kuma mai son fahimtar abin da ya faru da matasan ƙasar a wannan tsakanin zai ƙaru idan ya saurari su biyun a jere.

Amma ga ɗan Hausawa, ƙofar da ta fi kusa tana yamma, a ƙasar kakanninsa. A arewacin Nijar da Mali, Abzinawa sun ɗauki jita mai lantarki sun sa mata harshen hamada. Tinariwen suka share fage, har suka ci kyautar Grammy a 2012 da kundinsu Tassili. A Agadas jita ta zama kayan biki: ana kafa amsa-kuwwa a fili, a ja wuta daga janareto, a kaɗa har dare. Etran de L'Aïr, 'yan uwan juna ne da suka yi shekara da shekaru suna wannan sana'a kafin duniya ta ji su. Bombino ma ɗan Agadas ne. A Yamai kuma akwai Tal National, masu rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, waɗanda kundinsu Kaani ya fita a wani ƙaramin kamfanin Ingila a 2013.

Labarin wani makaɗin jita, Mdou Moctar, ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda waƙa ke tafiya ba tare da kamfani ba. Ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, kuma bahago ne. A 2008 ya sauko Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a situdiyo irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da duk mai kallon fim ɗin Kano ya sani. A lokacin ba a buga kundin a faifai an kai kasuwa ba. Waƙoƙin sun bi memori da Bluetooth, daga waya zuwa waya, a tasha da kasuwa da cikin mota, har suka kai Mali da Muritaniya. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da su yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya sa ɗaya a cikin tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, ya kuma bi sawu har ya gano mai waƙar. Shekara 10 bayan haka, a 2021, kundin Afrique Victime ya fito a kamfanin Matador na Amurka, masu sharhin kiɗa suka sa shi cikin fitattun shekarar. Abin da Turawa suka ɗauka sabon al'amari, wato waƙa ta bazu hannu da hannu ba talla, masu turi na kasuwannin Kano da Zinder sun daɗe suna cin abinci da shi.

Neman waƙa sana'a ce, kuma akasarin masu waya ba sa yin ta. Ana yi musu ne. Manhajoji irin Spotify, wanda ya shigo Saudiyya a 2018, da Anghami da YouTube suna lissafa abin da mutum ya saurara, su ƙaro masa mai kama da shi. Wannan yana da amfani a makon farko. Bayan wata uku sai mutum ya tarar yana kewaya rijiya ɗaya, kamar jakin ban ruwa. Hanyar fita ita ce bin mutane maimakon bin na'ura. Idan waƙa ta burge matashi, sai ya duba wane kamfani ya fitar da ita, domin ƙananan kamfanoni suna da ɗanɗano irin na mutum guda, kuma wanda ya so abu ɗaya daga Sahel Sounds zai iya son biyar. Ya duba wa ya kaɗa ganga, a wace ƙungiya kuma yake kaɗawa. Ya karanta hirar makaɗan, don kusan kullum suna ambaton waɗanda suka koya daga gare su. A Bandcamp ana iya nema da sunan gari, Jidda ko Beirut ko Agadas, ana kuma ganin abin da sauran masu saye suka tara. Gidan rediyon KEXP na Seattle yana ɗora wasannin da ƙungiyoyi suka yi a ɗakinsa a YouTube, inda ake ganin hannu a kan tsirkiya, ba rufa-rufa.

Ganin hannun ya ƙara muhimmanci yanzu. A tsakiyar 2025 wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu sauraro sama da miliyan ɗaya a wata a Spotify, daga baya ta tabbata cewa babu makaɗi ko ɗaya a cikinta, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa waƙoƙin da hotunan. Ƙungiyar gaske tana da gari, tana da bidiyon wasa a gaban mutane, tana da kuskuren da ɗan Adam ke yi.

Shi kansa sauraron yana son haƙuri. Spotify na ƙirga waƙa a matsayin an saurara da zarar ta kai daƙiƙa 30, saboda haka masu neman kasuwa suke zuba duk zaƙin a farko. Masu zaman kansu da yawa ba sa bin wannan. Waƙa na iya ɗaukar minti bakwai, ta fara a hankali, jita tana maimaita jimla ɗaya kamar mai gurmi yana gyara zama, sai can tsakiya ganga ta ƙara sauri, abin ya kama wuta. Wanda ya tsallake a minti na farko ya tashi daga tabarma kafin a kawo tuwo. Dabarar da ta fi amfani ita ce a ba waƙa sauraro uku. A na farko a bar ta ta wuce gaba ɗaya. A na biyu a bi abu ɗaya kawai, misali jita mai kaurin murya, a ji yadda take takawa tare da babbar ganga. A na uku a koma ga murya da kalmomi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage: wanda ya saba jin yadda 'yan amshin Shata ke karɓa, ko yadda kuntigin Ɗan Maraya Jos ke amsa wa muryarsa, zai gane nan take idan jita da mawaƙi suna zance. Haka kuma kundi abu ne da aka jera da niyya, waƙa ta uku tana da dalilin zuwa bayan ta biyu. Sauraronsa daga farko zuwa ƙarshe, sau ɗaya a mako ma, ya fi tsintar waƙa hamsin a guje.

Ƙarar da ke cikin rok kan kori sabon shiga. Wannan kaushin muryar jita da gangan ake yin sa, ta hanyar cika na'urar ƙara sauti fiye da ƙima har sautin ya tsage. Gwani yana sarrafa tsagewar kamar yadda mai algaita ke sarrafa kaifin busarsa. Wanda bai iya ba yana ɓuya a bayanta. Kunne kan ɗauki lokaci kafin ya raba su, kuma babu laifi mutum ya ce wani salon bai yi masa ba.

Kalmomi kuwa ba a yi musu sakaci. Yawancin waƙoƙin da Turanci suke, wasu da Tamashek ko Turkanci ko Faransanci, kuma abin kunya ne saurayi ya riƙa rera abin da bai san ma'anarsa ba. A cikin rok akwai waƙoƙin kewar gida, da na kukan talaka, da na soyayya mai tsabta. Afrique Victime, alal misali, kuka ne a kan abin da mulkin mallaka ya yi wa Afirka. Akwai kuma masu tallan ƙwaya da batsa, da wani reshe na kiɗan mai nauyi wanda wasu ƙungiyoyinsa suka mayar da izgili ga addini sana'a. Neman rubutun waƙa da fassararta aikin minti biyu ne, kuma ya kamata ya riga tura ta ga aboki.

Hukuncin kiɗa a shari'a magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta. Jumhurin malaman mazhabobi sun hana kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki, kuma a kan wannan manyan malaman Saudiyya irin su Shaihu Ibn Baz suka tsaya. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halasci, Imam Gazali kuma ya ware babi guda a Ihya'u Ulumid Din yana rarrabe sauraro gwargwadon abin da ake faɗa da halin mai ji. Wannan ba hukuncin da matashi zai yanke wa kansa daga gajeren bidiyo ba ne. Malaminsa da iyayensa suna da haƙƙin a tambaye su, kuma wanda ya zaɓi ya bari gaba ɗaya bai yi asarar mutunci ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne cewa duk abin da ya shagaltar da mutum daga salla ya zama ɓarna, kuma Harami da kewayensa ba wurin kiɗa ba ne. Alhajin da ya tara kuɗin shekara goma ya zo daga Gusau ko Maraɗi bai zo don ya ji jita daga wayar wani a cikin motar haya ba. Gidan da mahaifi ya ce ba a kiɗa, maganarsa ce doka.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a da aka fara aiki da su a 2019 sun sa tara a kan kunna kiɗa lokacin salla da ƙure sauti a unguwannin zama. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya shirya ko ya aika abin da ya taɓa martabar addini ko tarbiyyar jama'a, kuma tura wa wani abu a waya aikawa ne. A Fabrairun 2020 wata matashiya ta ɗora bidiyon waƙar gambara mai suna Bint Makka a YouTube, gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid al-Faisal, ya ba da umarnin kama waɗanda suka shirya shi, bisa cewa ya saɓa wa al'adun mutanen birnin. Mutane sun yi ta muhawara a kan adalcin matakin, amma ya nuna cewa abin da zai wuce salin-alin a Jidda, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasan Haramaini, ana auna shi da wani ma'auni idan aka haɗa shi da sunan Makka. Ga wanda takardun zamansa ke hannun wani, taka-tsantsan ɗin ya ninka.

Tunda kusan duk sauraron a iyafis ake yin sa, kunne na cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauti mai ƙarfi, ta kuma ba da ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga babba. Jijiyoyin ji idan suka mutu ba sa dawowa. Idan na kusa yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗin, ko kunne ya riƙa ƙara bayan an cire, sauti ya yi yawa.

Saura batun haƙƙi. Makaɗi mai zaman kansa shi ke biyan situdiyo, shi ke sayen tsirkiya, kuma abin da yake samu daga sauraro ɗaya a manyan manhajoji galibi bai wuce halala ɗaya ko biyu ba. Tun 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, wanda ke nufin ƙananan ƙungiyoyi da yawa suna ba da aikinsu kyauta. A Bandcamp lissafin ya bambanta: kamfanin na cire kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙa, ragowar bayan kuɗin hada-hada ya tafi ga masu ita, kuma tun Maris ɗin 2020 yakan ware wasu ranakun Juma'a ya yafe kasonsa. Kuɗin shawarma biyu ko uku na iya sayen kundi sukutum. Wanda ba shi da katin biya yana iya taimakawa ta hanyar tura adireshin shafin makaɗan maimakon kwafin da aka sato, da kuma faɗin sunansu daidai, domin rashin suna a jikin fayil ne ya sa aka sha wahala kafin a gano masu waƙoƙin da suka yi yawo a wayoyin Sahel.

Sayen yana da wata fa'ida: abin da aka saya aka sauke yana zama a hannu. A 2019 MySpace ya sanar cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 yayin sauya ma'ajiya, kimanin miliyan 50, yawancinsu na ƙananan ƙungiyoyin da ba su da kwafi a wani wuri. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suna watsewa, shafuka suna rufewa, waƙa kan ɓace daga manhaja dare ɗaya saboda rikicin yarjejeniya. Mai tara waƙoƙi da gaske yakan ajiye fayilolinsa wuri biyu, a waya da kuma memori ko kwamfuta, kowanne da sunan ƙungiya da garinta da shekarar da aka ɗauke shi.